Garejin Maƙwabcina

Shekarar da soja suka miƙa mulki, maƙwabcina a Makera ya sayi mota. Tare muka yi aiki a masaƙa a Kakuri, sashe ɗaya, albashi ɗaya. Da surukinsa ya ci kansila sai ya bar aikin ya koma kwangila. Ni kuwa ina nan da tsohon babur ɗina.

Garejin da ya gina ya fi motar tsaya mini a rai. Ya fitar masa da taga biyu don iska, ya rataye jar tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa, ga bokitin yashi a ƙasa. Matata kan dawo daga gidansu ta ce, "Garejin nan ya fi ɗakinmu tsabta." Sai in yi kamar ban ji ba.

Lokacin ana wahalar fetur, don haka nakan ajiye jarka a rumfar da babur ke kwana, kusa da janareta. Wata rana ya leƙo ya gani.

"Malam, ka raba jarkar nan da injin," in ji shi. "Kuma kada a zuba masa mai yana da zafi."

Na ce, "To, Alhaji, mun ji." A zuciyata na ce daga sayen mota har ya zama mai koya wa mutane zaman gida.

Jarkar dai na ɗauke. Amma wata Asabar da la'asar ƙanena ya zuba wa janaretan mai bai bari ya huce ba. Wuta ta tashi, ta kama sirdin babur. Na ɗauko ruwa, sai ga Alhaji a guje ba takalmi, da jar tukunyar nan a hannu.

"Kada ka zuba ruwa, yaɗuwa za ta yi."

Ya fesa farin garin da ke cikinta, wutar ta mutu. Ba wanda ya ƙone.

Na yi masa godiya, kuma da gaske nake. Amma mahaifiyata ta yi mako tana sa masa albarka, a masallaci ma labarinsa ake yi. Ko ina na zauna sai an ce in sake faɗa.

Babur na wajen gyara, kullum da safe sai Alhaji ya rage mini hanya a motarsa zuwa masaƙa. Ina zaune a gaba, ina kasa kunne ko zan ji wata ƙara a injin. Lafiyarta ƙalau.