Ranar da Mai Baƙin Kunne Ta Ɓoye Nono

Shekarar da ruwa ya ci gonakin Jahun ce, bayan rasuwar maigidana, kafin kwalta ta iso ƙauyenmu. A lokacin ne ƙungiyarmu ta masu nono ta yi shawara da likitocin dabbobi daga Dutse: za a duba shanun tatsa, a ware masu yawan nono waɗanda cuta ba ta kayar da su. 'Ya'yansu maza su ne za a bari su yi barbara a garke, sauran kuwa a dandaƙe su.

Ko a jikina. Ina da saniyar da na gada daga uwata, fara sol mai baƙin kunne. Kakarta ta tsallake ciwon huhun da ya share rugage, uwarta ta yi ciwon sammore ta tashi, ita kanta ban taɓa jiƙa mata magani ba. Takan cika mini ƙwarya har kumfa ya zuba. Duk matan da muke kai nono kasuwar Dutse sun gaji da jin kirarinta a bakina. Tana da ɗan maraƙi namiji, kuma na riga na gama ganinsa bijimin garke.

Saƙon da ya zo cewa ya yi a kawo shanun tatsa filin bayan gari da hantsi. Ƙanen mijina, wanda ke yi mini kiwo, ya ɗauki maganar yadda ta zo, ya koro iyaye ya bar maruƙa a ɗaure a ruga. Shanun wasu ba su damu ba, da an shafa hantsa sai nono. Tawa kuwa, in ɗanta bai fara tsotsa ba, ko sarki ne ya tsuguna ba za ta saki ba.

Na tsuguna a gaban jama'a, na ja, na ja. Abin da ya sauko bai rufe gindin ƙwarya ba. Ta juya kai wajen ruga tana kuka.

Taubashiyata, 'yar kawuna, tana gefe da ƙwaryarta fal. Ta leƙo.

"Yaya, wannan ce mai cika rijiyar? Ko mage za a ba?"

Mata suka kwashe da dariya. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ni: a je a ɗauko maraƙi. Na ɗaga kai zan faɗa, sai na ga wanda aka turo layinmu yin tambaya. Ɗana ne na fari, wanda ya yi karatun dabbobi yake aiki tare da likitocin.

Mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, balle ta tsaya gabansa cikin mutane tana yabon dukiyarta don ya zaɓa. A hannun kakarsa ya tashi, bai san halin saniyar ba. Shi ma ƙasa yake kallo.

"Masu wannan saniya," in ji shi, "haka take bayarwa kullum? Ta taɓa ciwo?"

Na ja mayafi na rufe fuska.

"Saniya ce dai," na ce wa ƙasa.

Ya ɗan jira. Ina jin numfashinsa. Taubashiyata ta san gaskiya sarai, amma dariya ta hana ta, ta ɗauka wasanmu ne na kullum. Ƙanen mijina yana can yana tare shanu. Takalman yaron suka matsa gaba.

Daga baya taubashiyar ta same shi ta yi bayani, har da hawayenta. Ya ce an riga an rufe zaɓe a gaban kowa. In ya buɗe saboda saniyar gidansu, da wane ido zai kalli mutane? Ban ga laifinsa ba. Da ya buɗe ma, da kunyar ta fi haka.

Da maraƙin ya tasa aka dandaƙe shi, ya zama san noma. Uwar ta tsufa, ba ta ƙara haihuwa ba, 'yarta mace guda kuwa tun tuni na ba da ita gudummawar aure can Kafin Hausa, aka sayar. Irin da ya bi mu tun kakata a nan ya tsaya.

Ba zan yi ƙarya ba, garken ya gyaru. Nono ya ƙaru, jinya ta ragu, ina sha ina gode Allah. Amma ban ƙara ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwar Dutse ba. Na ce ƙafa ce ke damuna. Wa zan kalla a rumfar nan bayan abin da suka gani?

Cikin waɗanda suka tsaya a filin, ƙanen mijina ya rasu, shugaban likitocin ma na ji ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Matan layinmu saura ni da taubashiyata, tana Buji wajen 'yarta, idonta ya tafi, bakin yana nan. Sai shi yaron, ya yi furfura yanzu. Yakan zo gaisuwa ranar Juma'a, ya tsuguna daga bakin ƙofa, in amsa daga ciki.