Sai Goshina Ya Taɓa Ƙasa

Shekarar da jinin al'ada ya ɗauke mini, ita ce shekarar da ɗana na fari ya samu aikin gwamnati a Kano. Lokacin kuɗin fetur ne, kowa hannunsa da maiƙo. Ya ɗauko ni daga Indabo ya ajiye ni a Sabon Garin Wudil. Duk ƙarshen wata sai ga shi da buhun shinkafar waje, da madarar gwangwani, da sukari, da lemon kwalba. Ya hana ni daka, turmina ma ya kai shi gidan ƙanwarsa.

"Inna, ki zauna ki huta," in ji shi. "Kada a ce ina cin albashi ke kina ramewa."

Na zauna kuwa, na ci. Ba a jima ba zane ya daina zagaye ni. Mata su shigo suna cewa, "Kai, jiki ya murje, ɗa ya yi albarka!" Ni kuwa numfashi sama-sama, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohon ƙyaure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ran nan a sallar la'asar na yi sujada na kasa tashi, sai da maƙwabciya ta ɗago ni. Da labari ya kai wa ɗana, ya zo da kujerar ƙarfe sabuwa fil, wai in riƙa salla a zaune, ai malamai sun halatta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Tun ina budurwa al'ada take raba ni da salla duk wata. Yanzu da Allah ya sakar mini watan gaba ɗaya, shinkafa ce za ta hana goshina taɓa ƙasa?

Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in yi masa doguwar magana. Ranar na ajiye kunya. Na ce, "Kai, a dawo mini da turmina."

Na koma tuwon dawa da miyar kuka da kwaɗon zogale. Kifi da ƙafata nake zuwa bakin kogi in sayo. Na fara zubewa, matan da suka yabe shi suka koma cewa ya yi watsi da uwarsa. Maganar ta yi masa zafi, ni ma ta yi mini, amma ban fasa ba.

Bayan damina ya zo ya tarar ina salla. Na ji tsayuwarsa a bakin ƙofa, na daɗe a sujada da gangan, sannan na miƙe tsaye da kaina, ban dafa komai ba. Da na sallame ya tambayi kujerar. Na nuna masa tsakar gida, inda take ɗauke da faifan kuɓewar da nake shanyawa.