Mai Gadin Fuskar Bitrus

Kowace Lahadi, da an tashi daga sujada a cocinmu da ke gefen tafkin Tana, malamin cocinmu, Yeneta Bitew, zai warware tsohon littafin fata daga ƙyallensa, ya zauna gindin ɓaure yana fassara mana zanen da kakannin kakanni suka yi. Shi ya koya mana cewa mutumin kirki ana zana shi da ido biyu yana fuskantar mai kallo, mugu kuwa a kaikaice, da ido ɗaya.

Wannan darasin ne ya jawo masa wahala. Mutanenmu, Allah ya shirya, da sun hango mai ido ɗaya a littafin sai su lashi babban yatsa su murje fuskarsa, wai lada suke nema. Fir'auna ya tafi, Yahuza ma ko hanci bai rage masa ba. Saura fuska ɗaya tak, wani mutum a bakin wuta, kuma ita Yeneta ya tsufa yana gadi.

Na ga ranar da Emama Tiruwork, tsohuwa mai sayar da gahawa, ta miƙo yatsa. Ya kaɗe hannun.

"Emama, ba ki ga zakaran ba? Bitrus ne, daren da ya yi musun Ubangijinsa. Juya shafi, ga shi nan da idonsa biyu. Ya tuba."

"To me ya kai shi juya mana ƙeya?"

"Abin da ke kai ki rage wa mutane sukari."

Bara yana ta rufe wa Yeneta idonsa na hagu. Emama ba ta bar shi ba.

"Yeneta, kai ma fa ka koma ido ɗaya."

Ya miƙa mata fuska. "To lashi yatsan, ki zo ki goge ni."

Ba ta yi dariya ba.

Yeneta, kai ne bangon da marasa kariya suka jingina da shi. Ka gaji, kuma abin haushi, cikinmu babu wanda ya taɓa ce maka sannu. Mun gode, ko da a makare. Ku kuma masu ido biyu, me kuke jira? Ku je ku koya tun yana iya nunawa.

Makon jiya ya ajiye aiki. Wani baƙo ya lashi yatsa ya nufi shafin, sai ji kake tas a bayan hannunsa. Emama Tiruwork ce.

"Kai, ba ka ga zakaran ba?"