Kunun da Mamata Ta Kai Gayya

Har yau in na ji ƙamshin kunu mai citta, sai in tuna ranar da babana ya faɗi.

Mazan gidanmu dogaye ne, hannu har gwiwa, yatsu kamar tsinken tsintsiya. Shi ya sa duk gayyar noman da za a yi a ƙauyenmu, can wajen Samaru Kataf, su ake ba babbar garma a sa su gaba. Ranar nan mamata ta kai kunu gona. Babana ya sha, ya ɗaga garma sau biyu, ya dafe ƙirji. Ko "wayyo" bai ƙarasa ba. Bayan damina biyu ƙanensa ya faɗi haka nan, shi ma tuwonta ya ci da safe.

Ba wanda ya kira ta mayya a gabanta. Sai dai a zumuntar matan coci, kwanonta yakan dawo gida a rufe yadda ya tafi. Kar ka ce ni na fi su. Ina shekara tara nake jira ta fara kai loma kafin in sa hannu. Tana gani.

Sai da na haura arba'in na koyi karatu a ajin manya. Da likita a Kafanchan ya duba ɗana, dogo, ƙirji a lotse, ido ba ya ganin nesa, sai ya tambaye ni yadda babana ya mutu. Na ce wa ya kai masa gulmar gidanmu? Ya ce ba kowa. Wai abin da ke riƙe gaɓoɓi da jijiyoyi ne yake zuwa sako-sako, gado ne, kuma aikin ƙarfi yana iya fasa babbar jijiyar zuciya. Ban yarda da bakinsa ba, na ce ya rubuta. Na kai ɗana wani asibitin ban ce musu komai ba. Maganarsu ɗaya.

Na je ƙauye na karanta wa yayan babana takardar, da ƙarfi, a tsakar gida. Ya ce, "Likitan ya san mamanki?" Lokacin shekararta shida a kabari.

Yanzu ɗana yana shan magani, ana duba zuciyarsa, na kuma hana shi noma. Ƙauye ya samu rufin kwano da wutar sola, zargin dai yana nan, kaina ya dawo. Jikokin yayan babana biyu sun riga sun fi ƙofa tsawo. Na ce a ba ni su a duba su a Kafanchan. Uwarsu ta ja su ɗaki ta ce, "Mun gode, Anti. Yarana ba za su kwana gidanki ba."

Ranar Lahadi zan koma, a gaban coci zan karanta takardar.