Jar Fitila a Tashin Ƙarshe

A kamfanin jiragen saman da ya yi wa aiki shekara talatin da ɗoriya, Kyaftin ake ce masa a gaban idonsa, in ya ba da baya kuma a ce Mai Sauka. Ya san da sunan, bai taɓa damunsa ba.

Ga inda sunan ya samo asali. A jirgin fasinja akwai wuraren da matuƙi ba ya iya leƙawa muddin ana sama, kamar ɗakin kaya da ke ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji. Can aka girke na'urori masu sansano hayaki. In sun ji wani abu sai jar fitila ta kunnu a gaban matuƙi, ƙararrawa ta ɗauka. Matsalar ita ce na'urorin sukan yi ƙarya. Ƙura na ruɗa su, danshin kayan lambu na ruɗa su, tsohuwar waya ma haka. Amma ƙa'idar aiki ɗaya ce: in fitila ta ce wuta, to wuta ce, a sauka a fili mafi kusa. Kowane matuƙi haka zai yi, sai dai shi fitilar ta fi so. Sau da dama ta kunnu masa, ya dire mutane a garin da ba wanda ya yanki tikitinsa, a buɗe ɗakin kaya a tarar ko ɗumi babu.

A gida ma halin na nan. Ɗan tela ne, ya taso yana ganin mahaifinsa na auna yadi sau biyu kafin ya sa almakashi. Shi ya maƙala na'urar hayaki a rufin kicin, wadda ke tsala ihu duk lokacin da matarsa, Malama, ta soya albasa. Ta hau kujera ta zare batirin, in ya dawo daga tafiya ya mayar. Ranar hutu yana baranda da gajeren wando, yana ba tumatirinsa na cikin gwangwani ruwa.

Da ritaya ta zo, aka tsara tashinsa na ƙarshe ya ƙare a filin jirgin garinsu. Matuƙa na da al'ada: ranar sallamar ɗayansu, motocin kwana-kwana biyu kan tsaya dama da hagu su harba ruwa sama, jirgin ya ratsa ta ƙarƙashi, iyali na kallo daga kusa. Ruwan bai dame shi ba. Abin da ya sa a rai shi ne Inna, mahaifiyarsa. Tsohuwar ba ta taɓa shiga jirgi ba, ba ta taɓa taka filin jirgi ba, in ta ji ƙara a sama sai dai ta ɗaga kai ta yi addu'a. Sai da jikoki suka yi ta lallashi kafin ta yarda a turo ta a keken guragu, ta ga ɗanta ya sauke jirgi ko sau ɗaya.

Jirgin da aka ba shi ranar shi ne wanda ma'aikata ke kira Gwaggo, saboda yawan ƙorafinta. Mataimakinsa kuwa Dogo ne, mutum mai barkwanci da suka daɗe suna tashi tare.

"Yallaɓai, yau dai a gida za mu sauka ko?" in ji Dogo yana ɗaura bel.

"In Gwaggo ta yarda."

Hantsi ne mai kyau, sama fes. Sun ci fiye da rabin hanya, an kawo musu shayi, Dogo na ba da labarin yadda surukinsa ya sayi mota ba birki, sai ƙararrawa ta ɗauka. Jar fitila: hayaki a ɗakin kaya na baya.

Dogo ya danne ƙarar. Ya dubi fitilar, ya dubi Kyaftin.

"Ita ce fa, yallaɓai. Kwanan baya ma haka ta yi, aka canza mata na'ura."

"Na sani."

"Kuma ɗanyen barkono aka loda a baya. Gumi yake yi."

"Na ga an loda."

Gida na gaba, amma akwai wani ƙaramin fili a hannun hagu da ya fi kusa. Bambancin ba wani mai yawa ba ne. Kyaftin ya hango Inna a keke, an lulluɓa mata mayafi a gwiwa, tana tambayar wanne ne nasa. A ransa ya kusa rantsewa cewa ba wuta. Amma tsakaninsa da ɗakin kayan nan akwai kujeru cike da mutane, kuma ba shi da idon da zai gani.

"Karanto matakan, Dogo."

Dogo ya riga ya buɗe su a littafin ƙa'idojin gaggawa. Suka bi ɗaya bayan ɗaya, Kyaftin ya danna madannin da ke fesa iskar kashe wuta a ɗakin kayan, ya karkata hancin jirgi hagu. Dogo ya kira hasumiyar filin ya ce suna da alamar wuta, a share musu titi. Shi kuma Kyaftin ya yi wa fasinjoji magana da muryar da yake tambayar Malama ko akwai sauran shayi: wata na'ura ta nuna abin da ba su gamsu da shi ba, za su sauka a duba.

Saukar ta yi laushi. Motocin kwana-kwana suka kewaye su, aka fitar da kowa, sannan aka buɗe ɗakin kayan. Kwandunan barkono ne, sun yi jiɓi, ko warin ƙuna babu. Daga baya injiniya ya gano wata waya da danshi ya ci.

A zauren jira wani fasinja mai ƙaton tumbi ya tare shi.

"Kyaftin, ashe ba komai?"

"Ba komai, alhamdulillahi."

"To don me muka sauka?"

"Don mu san ba komai ɗin, ranka ya daɗe."

Mutumin ya koma ya zauna.

Jirgin da ya fesa iskarsa ba ya ɗaukar mutane sai an sake cika masa, don haka aka turo wani da nasa matuƙan. Kyaftin ya kira Malama.

"Mun ji," ta ce. "Ko ranar ƙarshe sai da ka nuna hali."

"Ku mai da Inna gida, kar ta gaji."

"Kai ka zo ka gaya mata. Ta ce ba inda za ta."

Haka ya ƙarasa tafiyarsa ta ƙarshe a kujerar tsakiya can baya, tsakanin wata mai goyo da wani ɗalibi mai barci, hularsa a kan gwiwa. Dogo, shi ma a kujerar fasinja, na waigowa daga gaba yana tambaya ko yallaɓai na buƙatar bargo. Da suka sauka da la'asar ba wanda ya harba ruwa, tunda ba shi ya tuƙa ba. Ya bi layi, ya fito ta ƙofar da kowa ke fitowa yana jan akwatinsa.

Suna nan, Malama da 'ya'ya da jikoki, furannin da suka riƙo sun fara yaushi. Inna na tsakiya a kekenta. Ya durƙusa ya kama hannunta.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba ki ga nawa ba."

"Na ga na mutane da yawa," ta ce. "Duk wanda ya taɓa ƙasa sai na ce a gaishe da uwar mai tuƙin." Ta ƙare masa kallo, daga hula har akwati. "Mutanen da ka ɗauko fa?"

"Ga su nan suna fita."

Ta juya ta bi su da ido, har mai tumbin da ke faɗa a waya.

"Duka?"

"Duka, Inna."

"To madalla. Tura ni mu tafi, ƙafata ta yi sanyi."

Ya miƙa wa Malama hular, ya ba babban jikansa akwati, ya kama keken.