Idwal Mai Madara da Sunan Kakanninsa

A kwarinmu rabin mutane Jones ne, sauran kuma Evans, shi ya sa ba ma kiran kowa da sunan zuriya. Sana'arka ko gonarka, da ita za a san ka. Maƙwabcinmu Idwal shi kaɗai yake da sunan da ba mai irinsa, Gwalchmai, amma duk da haka Idwal Mai Madara muke ce masa.

Ya ce wa marigayi mijina Emrys farkon sunan yana nufin shaho, kuma asalinsa sunan yanka ne na wani kakansu, 'ya'ya suka riƙe ya zama sunan zuriya. Emrys ya yi dariya.

"Shaho da keken dokin kai madara? Malam shaho, madararka ta jiya har da ruwan sama a ciki."

"Ai don irinku marasa haƙori nake sirkawa."

Kowace shekara, kafin Lahadin Furanni, lokacin da muke gyara kaburburan namu, Idwal yakan zo bayan majami'a da bokiti da buroshi. Kowa na wanke dutsen kabari ɗaya ko biyu, shi kuwa layi guda ne na kakanninsa. Yana gogewa yana kiran sunayensu a hankali. 'Yan'uwansa sun tafi Liverpool neman aiki, ba su dawo ba. Allah ya ba shi 'ya ɗaya, Eirlys. Wata shekara ina jera furanni a kan kabarin Emrys, ya tsaya kusa da ni ya ce, "Ceinwen, daga kaina sunan nan ya ƙare. Wa zai tsaya ya karanta shi?" Na ce Ubangiji ya san sunan kowa. Ya ce haka ne, ya ci gaba da gugarsa.

Eirlys ta auri wani Jones. "Kamar ƙarancinsu ake yi," in ji Idwal, amma ya sa baƙar kwat ɗinsa ya kai ta.

Ranar baftismar ɗanta na fari ina zaune bayansa. Fasto ya tambayi sunan yaro. Eirlys ba ta dubi kowa ba ta ce, "Gwalchmai." Na ga bayan wuyan Idwal ya yi ja. Da aka tashi waƙa, shi da ake jin muryarsa har bakin titi, bai iya buɗe baki ba.

A wajen shan shayi ya ce mata, "Ke yarinya, kin ɗora wa jariri kaya."

"Baba, kai ka ce da can sunan yanka ne. Na mayar da shi inda ya fito."

Idwal ya daɗe da rasuwa, yana kwance a ƙarshen layin nan. Jikan ya zama magidanci, yana gyaran motoci a gari, kuma shi kaɗai ne a kwarin nan ba a laƙaba wa sana'a ba. Gwalchmai kawai ake cewa. Bana ma ya zo da bokiti. Da ya gama nasu, ya wanke mini na Emrys, don gwiwoyina sun daina durƙuso.