Ɗigon Jan Farce a Bindigar Marnie

Wendell Krogstad ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, a ƙofar garejinsa. Ya jingine bindigar farautarsa a jikin mota, ta zame ta faɗi, ta tashi da kanta, harsashin ya same shi. Darlene, matarsa, tana ɗakin girki ta ji ƙarar.

Wendell, ni da na saba rubuta abin da ya faru kullum kafin in ci abinci, ranar na kasa. Yau nake gwadawa.

Tun da na tare kusa da kai ban taɓa share dusar ƙanƙarar ƙofata ni kaɗai ba. Lokacin da matata ta kwanta asibiti, kai ka riƙa kai Marnie, 'yata, makaranta, kana cika ta da burodin kirfa har ta daina cin abincina. Kai ka koya mata harbi. Ni ban iya ba, ba ka kuma taɓa barina na manta ba.

"Gil, kai ko barewar ce ta miƙo maka wuya, sai ka ce bari ka je gida ka yi tunani."

Gaskiya ka faɗa.

Bayan ka bar aikin katako ka koma gyaran bindigogin maƙwabta, kyauta. Abin da ka fi so shi ne kunama, wadda yatsa ke ja. Ka ce na yanzu na roba ne, suna da tauri kamar ƙofar rumbu, sai ka zauna kana goge su har su yi laushi. Duk bindigar da ka gama, sai ka ɗiga mata jan farcen Darlene a gefe, alamar hannunka. Tana daga ɗaki tana cewa, "Tsohon nan, ka ƙarar min da kwalba!" Kai kuma kana cewa, "Farcenki ya taɓa kawo nama gidan nan?"

Na taɓa tambayarka ko laushin ba ya yin yawa. Ka yi dariya, ni ma na yi, don ka fi ni sani nesa ba kusa ba.

Jiya ɗan sanda ya gaya wa Darlene cewa laushin ne. Gugar ta cinye abin da ke riƙe kunamar, ɗan bugu kaɗan ya isa. Darlene ba ta zauna kuka ba. Ta ɗauki waya tana kiran gida-gida: duk mai ɗigon ja kada ya sa harsashi.

Saura Marnie. Tun Litinin suka hau dutse ita da saurayinta don kafa tanti kafin a buɗe farauta gobe Asabar. Can babu waya. Ba ta ma san ka rasu ba. Watan jiya ta kawo maka bindigarta ka gyara mata maɗaurin ratayawa, na ji ka ce, "Bar ta nan, yarinya, zan ɗan lallashe ta." Ban san ko maɗaurin kawai kake nufi ba. Na ga bindigar a bayan motarta da za su tafi. Ina rufe ido in ga ɗigon, in sake rufewa in ga babu. Darlene ma ba ta sani ba.

Ƙanƙara ta toshe hanyar dutsen, an ce da hantsi motar share ƙanƙara za ta buɗe ta. Ina zaune a mota a bakin shingen da aka tare hanyar da shi nake wannan rubutu. Ba na jin haushinka, Wendell. Da ƙauna ka yi, na sani. Tsoro kawai nake ji.

Darlene, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'yanki da jikoki, ya saka miki da abin da kika yi jiya. Allah ya jiƙan Wendell, ya yafe masa, ya ba shi hutawa, kada ya bari alherinsa ya cutar da kowa bayansa.

Ka gafarce ni, maƙwabcina, ba za ka gan ni a coci yau wajen jana'izarka ba. Da kana nan, da tuni ka ƙwace makullin motar nan ka ce in matsa gefe.